Singafo zuwa New York: me ya sa jirgin da ke son isa da wuri yake bin hanya mafi tsawo?

Tsakanin filin jirgin saman Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy na birnin New York akwai nisan kilomita 15,349. A shekarun nan babu wata tafiyar jirgin fasinja ta yau da kullum, wadda ba a yada zango, da ta kai ta nisa. Kamfanin Singapore Airlines ne ke yin ta da jirgi ƙirar Airbus A350, wanda gudunsa idan ya daidaita a sama yakan kai kimanin kilomita 900 a awa. Ɗan firamare ma zai iya lissafin: a raba nisa da gudu, a sami awa 17. To amma jadawalin kamfanin ya nuna awa 18 da rabi zuwa 19. Abin bai tsaya nan ba. A mafi yawan ranaku jirgin ba ya bin wannan layin na kilomita 15,349, da gangan yake ƙara wa kansa kilomita dubu ko fiye. Sannan sau da yawa gabas yake nufa idan zai tafi, gabas kuma yake nufa idan zai dawo, wato kafin ya koma gida ya zagaye duniya.

Wanda ya ji haka zai iya zaton ɓarnar mai ce ko wata dabarar cin kuɗin fasinja. Ba haka ba ne. Kamfanin jirgi ba ya ƙona ko lita ɗaya a banza. Abin da ke faruwa shi ne, a sararin sama hanyar da ta fi gajarta daban, wadda ta fi sauri daban, wadda aka yarda ka bi kuma daban.

Mu fara da ita gajeriyar hanyar, domin ita ma ba inda ido ke zato take ba. Taswirar da muka saba gani a bangon aji shimfiɗaɗɗiya ce, kuma yawancinta ta samo asali daga zanen da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don amfanin matuƙa jiragen ruwa. Duniya kuwa dunƙulalliya ce, ba a shimfiɗa dunƙulallen abu a takarda ba tare da an ja wani sashe ya miƙe fiye da ƙima ba. A zanen Mercator yankunan da ke can arewa da can kudu su ne suka kumbura. Shi ya sa tsibirin Girinland yake fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Idan ka ɗora rula a kan irin wannan taswira ka ja layi daga Singafo zuwa New York, za ka ga ya ratsa Tekun Indiya da Afirka da Tekun Atlantika, ka ɗauka ita ce miƙaƙƙiyar hanya. Nemi taswira mai siffar ƙwallo, ka ɗora zare a kan biranen biyu ka ja shi ya yi tsam. Zaren zai haura arewa ne, ta kan ƙasar Sin da Mongoliya da Sibiriya, ya wuce dab da ƙurewar arewacin duniya inda ƙanƙara ta rufe teku, sannan ya gangaro ta Kanada. Masana suna kiran wannan layi babbar da'ira, kuma shi ne ke ba da adadin 15,349.

Musulmi sun daɗe da sanin wannan lissafi, domin da shi ake fitar da alƙibla. Tun ƙarni na 11 malamai irin su Al-Biruni suke amfani da lissafin dunƙulalliyar duniya wajen gano inda Makka take daga kowane gari. Mai salla a New York arewa maso gabas yake fuskanta, duk da cewa a shimfiɗaɗɗiyar taswira Makka tana kudu maso gabas da shi. Hanyar da alƙibla ke nunawa ita ce hanyar da jirgi zai bi da a ce babu abin da ke gabansa sai nisa.

Amma akwai abubuwa a gabansa, kuma babbansu iska ce.

A tsayin da manyan jirage ke tafiya, kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wasu zirin iska masu tsananin ƙarfi da ke gudana daga yamma zuwa gabas, kamar koguna a sama. Bambancin zafi tsakanin yankunan tsakiyar duniya da yankunan ƙanƙara shi ke tayar da su, juyawar duniya kuma ita ke karkatar da su gabas. Gudunsu yakan kai kilomita 150 zuwa 300 a awa, wani lokaci ya zarce, kuma sun fi ƙarfi a lokacin sanyin ƙasashen arewa, daidai lokacin hunturunmu. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, shi ya fara auna su da balan-balan a shekarun 1920. Duniya ba ta ba aikinsa muhimmanci ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka ci karo da wannan iska a saman Japan, ta riƙa dagula musu lissafi.

Jirgi a cikin iska tamkar kwalekwale ne a Kogin Kwara. Mai tuƙi yana sa ƙarfi iri ɗaya, amma idan yana bin ruwa sai gaɓa ta riƙa wucewa da sauri, idan kuma yana hawan ruwa sai ya ga kamar bishiyar da ke gefe ta ƙi matsawa. Wancan gudun kilomita 900 gudu ne a cikin iskar da ke kewaye da jirgin. Gudunsa a kan ƙasa, wanda shi ne ke kai ka inda za ka, ya danganta da inda iskar kanta ta nufa. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya tashi daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi cikin awa shida da wani abu. Akwai lokacin da gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa. Injinsa bai yi wani aiki na musamman ba. Iska ce ta ɗauke shi.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, kuma kuskuren yana da ma'ana, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Sukan ce ai duniya na juyawa a ƙarƙashin jirgi, saboda haka tafiya ɗaya ta fi ɗaya sauri. Gaskiya ne duniya tana juyawa zuwa gabas, a tsakiyarta da gudun kimanin kilomita 1,670 a awa. Da a ce jirgi yana rataye ne a sama ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsa, da tafiya yamma ce za ta fi sauri, domin garin da ka nufa zai riƙa tahowa ya tarye ka. Abin da ake gani a zahiri akasin haka ne, tafiya gabas ce ta fi sauri. Dalili kuwa, iskar da ta lulluɓe duniya tare da ita take juyawa, jirgin ma tun yana ajiye a fili yake cikin wannan juyin, kuma bai rabu da shi don ya tashi ba. Hannun da juyawar duniya ke da shi a lamarin ta bayan fage ne, ta hanyar karkatar da waɗancan kogunan iska.

Yanzu a sake lissafin da iska a ciki, da alƙaluman misali kawai. A ce jirgi ya bi gajeriyar hanya, kilomita 15,349, amma iska na dukan goshinsa da gudun kilomita 50 a awa a tsawon tafiyar. Gudunsa a ƙasa ya koma 850, tafiyar ta zama awa 18. A ce kuma ya zaɓi hanya mai kilomita 16,500, wadda iska ke tura shi ta baya da gudun kilomita 100. Gudunsa ya zama 1,000, tafiyar ta zama awa 16 da rabi. Ya ƙara fiye da kilomita dubu, ya rage awa ɗaya da rabi. Kuma da yake injin jirgi da awa yake shan mai, ba da kilomita ba, doguwar hanyar ita ce mai arha.

Abin da ya sa wannan tafiya ta fita daban shi ne inda biranen biyu suke zaune. Singafo tana kan digiri 104 gabas da layin Girinwic, wato layin da ake fara ƙirga digirin gabas da yamma daga kansa, New York tana kan digiri 74 yamma da shi. Idan aka haɗa, digiri 178 ke nan, saura biyu kacal ya cika rabin zagayen duniya. Ma'ana, ko ta gabas ka zagaya ko ta yamma, bambancin ba shi da yawa. Tunda haka ne, me zai sa a yi kokawa da iska? Daga Singafo jirgin yakan haura ta gefen Japan, ya shiga kogin iskar da ke saman arewacin Tekun Pasifik, ya bi ta Alaska da Kanada ya sauko New York. Idan zai dawo, maimakon ya juyo ya fuskanci iskar da ta kawo shi, yakan ci gaba da nufar gabas, ya tsallake Tekun Atlantika, ya ratsa Turai da yammacin Asiya da Indiya, ya isa gida. Ba doka ba ce. Kafin kowace tafiya ma'aikatan tsara hanya suna zama da hasashen yanayi da kwamfuta su fitar da hanyar wannan rana, matuƙa su duba su amince. Jirgin Litinin da na Talata suna iya bin hanyoyi mabambanta su sauka da tazarar awa guda a tsawon tafiyarsu.

Sai batun mai, wanda shi ne ya taɓa kashe wannan tafiya baki ɗaya. Singapore Airlines ya fara zirga-zirga kai tsaye zuwa filin Newark, da ke maƙwabtaka da New York, a watan Yunin 2004, da jirgi mai inji huɗu ƙirar A340-500. A watan Nuwambar 2013 ya dakatar da ita, saboda tsadar mai ta sa ba ta biyan kanta. Matsalar doguwar tafiya ita ce mai yana da nauyi, kuma ɗaukar nauyi yana cin mai. Man da za a ƙona a awa ta goma sha takwas dole a yi dakonsa tun daga awa ta farko, a ƙona wani man wajen dakon. Kowace awa da aka ƙara wa tafiya ta fi wadda ta gabace ta tsada. Sai a watan Oktoban 2018 aka dawo da tafiyar, bayan Airbus ya ƙera wani nau'in A350 na musamman mai inji biyu, wanda aka gyara tsarin mansa ya iya ɗaukar lita 165,000. Wannan ya haura tan 130, kusan rabin nauyin jirgin gaba ɗaya a lokacin tashi. Tafiya kai tsaye zuwa filin Kennedy kuwa a Nuwambar 2020 ta fara.

Nauyin nan yana shafar yadda jirgin ke tafiya. Da farko ba ya iya hawa can ƙololuwa inda iska ta fi sirantaka kuma mai ya fi auki. Yakan fara a ƙasa-ƙasa, yana ƙona mai yana rage nauyi yana hawa mataki-mataki. Yana kuma shafar waɗanda ke ciki. Jirgin da aka dawo da tafiyar da shi kujeru 161 kawai aka sa masa, 67 na manyan 'yan kasuwa, 94 na matsakaicin daraja, babu ko ɗaya ta gama-gari, alhali irinsa na yau da kullum yakan ɗauki mutum 250 zuwa sama da 300. A ganina wannan ya faɗi gaskiyar lamarin ƙarara. Tafiya irin wannan an gina ta ne don wanda awa uku ko huɗu na lokacinsa suka fi kuɗin tikiti daraja. Mai ƙaramin ƙarfi zai ci gaba da yada zango a Doha ko Dubai ko Frankfurt, kuma ba lallai ne ya yi asara ba, domin ya sami damar miƙe ƙafa, ya yi alwala da salla a nitse.

Akwai kuma dokar tsaro da ke lanƙwasa hanya ba tare da fasinja ya sani ba. A da, jirgi mai inji biyu ba a yarda ya yi nisa da filin saukar gaggawa fiye da tafiyar minti 60 ba, don gudun kada inji ɗaya ya mutu a tsakiyar teku. Da injina suka inganta aka riƙa sassautawa, minti 120 a 1985, daga baya 180, har A350 ya sami izinin da ya kai minti 370. Ba don wannan sassaucin ba, da jirgi mai inji biyu bai isa ya ratsa tsakiyar manyan tekuna ba.

Lokacin da aka rubuta a tikiti kuma ba lokacin shawagi kaɗai ba ne. Ana ƙirga shi daga sa'ar da aka janye jirgi daga ƙofar shiga zuwa sa'ar da ya tsaya a ƙofar fita. Jeren gwanon jiran tashi a fili mai cunkoso irin Kennedy yana ciki, kewayen jiran izinin sauka yana ciki, sannan kamfanoni sukan ɗan ƙara mintoci don kada a riƙa rubuta musu latti.

Agogo shi ne ke ƙarasa rikita mai karanta tikiti. Singafo tana gaban New York da awa 12 a lokacin zafinsu, awa 13 a lokacin sanyi, saboda Amurka tana sauya agogonta sau biyu a shekara, Singafo kuwa ba ta yi. Wanda ya tashi daga Singafo a lokacin zafin ranar Litinin da ƙarfe 12 na rana, ya yi awa 18 da rabi a sama, zai sauka New York ranar Litinin ɗin dai da ƙarfe 6 da rabi na yamma. A hanya ya ga faɗuwar rana, ya ga dare, ya ga fitowarta, amma kwanan wata bai canja ba, domin ya tsallaka layin sauya kwana da ke tsakiyar Pasifik. Mai dawowa kuma da ya tashi Litinin da ƙarfe 10 da rabi na dare sai asubahin Laraba zai sauka. Talatarsa ta ƙare a sama, kuma gajeriya ce, tunda yana gudu ne yana taryen rana. Musulmin da ke cikin irin wannan jirgi, agogon hannunsa ba zai gaya masa lokacin salla ko shan ruwa ba, sai dai ya lura da ranar inda yake.

Duk abubuwan da na lissafa zuwa nan, surar duniya da iska da nauyin mai, halitta ce, ɗan Adam dabarar zama da su kawai yake yi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda mutane suka ɗora wa kansu. Sararin saman kowace ƙasa mallakinta ne, tana iya buɗewa, tana iya rufewa, tana kuma karɓar kuɗin ratsawa. A zamanin yaƙin cacar baka Tarayyar Sobiyet ta hana yawancin jiragen Yamma ratsa Sibiriya, sai garin Anchorage na Alaska ya zama zangon shan mai tsakanin Turai da Japan. Kuskure a wannan yanki ya ci rayuka. A ranar 1 ga Satumbar 1983 jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya taso daga New York ta Anchorage ya kauce hanya ya shiga sararin Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. A Yulin 2014 aka harbo jirgin Malaysia Airlines a gabashin Yukren da mutum 298. Saboda irin waɗannan ne kamfanoni ke gwammace zagaye mai tsada a kan ratsa inda ake yaƙi, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Bayan rushewar Sobiyet an yi kusan shekara 30 ana cin moriyar hanyar Sibiriya. Da Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, ƙasashen Turai da Amurka da Kanada suka rufe wa jiragenta sama, ita ma ta rama a kan da yawa daga cikinsu. Kamfanin Finnair na ƙasar Finland, wanda ya gina kasuwancinsa a kan kusancin Helsinki, babban birnin ƙasar, da gabashin Asiya, ya wayi gari tafiyarsa zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin awa 9 ta koma kimanin 13. Biranen ba su motsa ba ko da taku ɗaya. Kamfanonin ƙasar Sin kuwa sun ci gaba da ratsa Rasha, don haka a hanya guda tsakanin Turai da Sin wani jirgi yana riga wani isa da awanni, yana kuma sayar da tikiti da rahusa. Wancan zaren da muka ja daga Singafo zuwa New York ta tsakiyar Sibiriya ya bi, yankin da kamfanoni da dama ke kauce wa yanzu.

Kada mu ɗauka wannan labarin nesa ne. A ranar 6 ga Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hukumomin sojan Nijar sun rufe sararin saman ƙasar, ba su buɗe wa jiragen kasuwa ba sai farkon Satumba. Da yake yawancin kamfanoni sun riga sun daina ratsa Libiya, Sudan kuma tana rufe, sai aka sami wani shinge da ya kusa raba arewacin Afirka da kudancinta. Jiragen da ke tsakanin Turai da Afirka ta Kudu ko Kenya, har da wasu masu zuwa Najeriya, dole suka riƙa zagaye ta gaɓar yamma ko ta Bahar Maliya.

Rufewar Sudan ita ce ta taɓa mu kai tsaye. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu zuwa biyar, kuma babbar da'irar ta saman Chadi da Sudan ta bi, kusan sawun da kakanninmu suka bi a ƙasa suna shekaru a hanya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023 tsakanin sojan ƙasar da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, aka rufe sararin saman Sudan ana saura makonni a fara jigilar alhazai. Jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake sha ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi bayan an riga an sanar da farashin kujera. Wani ɓangare na ƙarin ya sauka a kan maniyyata, cikinsu har da manomin da ya sayar da shanunsa da dattijuwar da ta yi shekaru tana zubin adashen gata.